Kariya Don Jirgin Kawu

Kafin in fara, wajibi ne in bayyana inda na samo abin da zan faɗa, domin ba duka na gani da idona ba. Madogarata ta farko wani ƙaramin littafi ne da nake rubuta awo da zane a cikinsa a lokacin. Yana nan har yanzu, sai dai baƙin mai ya ɓata shafi biyu. Ta biyu saƙon da Kawuna, yayan mahaifiyata, ya turo mini ta waya, wanda na kwafe kafin wayar ta lalace. Sauran daga bakin mutane ne: Kawu da kansa, da matarsa wadda muke kira Inna, da wani mai walda a Rano. Na tambayi kowannensu shi kaɗai, kuma inda suka saɓa zan faɗa. Game da lokaci, abin da na tabbatar shi ne shekarar da na gama bautar ƙasa na dawo gida ina jiran aiki, a ƙarshen damina, an riga an yanke gero amma dawa tana tsaye a gona. Ranar da aka fara da ranar da aka gama ban rubuta ba, kuma ba zan ƙirƙira ba. Inna ta ce mako uku aka yi, Kawu ya ce kwana goma. Ina zaton lissafin Inna ya fi kusa da gaskiya.

Kawu malamin firamare ne mai ritaya. Yana zaune a Kibiya, yana noman dawa da gero da ɗan lambu. Ya shafe shekaru yana zana wa yara koguna a allo, alhali shi kansa bai taɓa shiga jirgin ruwa ba, kuma wata rana ya faɗi hakan a aji cikin raha. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya riƙe maganar. Ya girma, ya zama mai sayar da kayan gwanjo a Kano, har ranar da ya buɗe kwantena ya tarar da jirgi a tsakanin kujeru da tsofaffin firji. Sai ya ɗora shi a motar hatsi da ke komawa Kibiya babu kaya, ya aika wa malaminsa kyauta.

Na ce jirgi, amma kada mai karatu ya zaci irin kwale-kwalen katako na masunta. Wannan na roba ne mai tauri, siriri, mai tsini gaba da baya. A rufe yake ta sama, in ban da rami ɗaya a tsakiya inda mutum guda zai zura ƙafafunsa ya zauna. Filafilinsa, wato abin tuƙa shi, baki biyu gare shi. A littafina na rubuta cewa ruwan lemo ne launinsa, Inna kuwa ta ce ja ne da ya koɗe. Tsawonsa mita huɗu ba kaɗan. Kawu ya auna da hannu ya ce kamu takwas ne, kuma ba mu yi nisa da juna ba.

A lokacin Inna ba ta kiransa jirgi. Komi take cewa, wato abin da ake zuba wa dabbobi dusa da ruwa. Daga baya na ji cewa tsofaffi kan kira kwale-kwalen itace da wannan sunan ma, don haka ba za a ce ta yi kuskure ba, amma ba wannan ma'anar take nufi ba. A tsakar gida aka ajiye shi, daidai inda take shanya, ya yi wata biyu a nan. Yadda ta ba ni labarin ranar da haƙurinta ya ƙare shi ne:

"Malam, komin nan naka yaushe zai tashi daga nan?"

"Jirgi ne."

"To, ko ma mene ne. Kaza har ta yi ƙwai bakwai a cikinsa. Ranar da dawa ta shigo, a ina za a jibge ta? A kansa?"

"Zan kai shi ruwa."

"Tun yaushe kake cewa za ka kai shi? Ni dai ga maganata. In damin dawa na farko ya shigo gidan nan ba ka kai shi ruwa ka shiga ba, zan kira mai zarto ya fede samansa, tumaki su samu wurin ci. Kamu takwas! Babu mai komi irinsa daga nan har garin Tarai."

Kawu ya ce ya yarda, a gaban maƙwabta biyu da suka shigo aron turmi. Shi ya ce mini mutum ɗaya ne, amma bai musa cewa ya yarda ba. Tun daga ranar, jirgin yana da wa'adi, kuma dawa ce ke riƙe da shi.

Ruwan da ya isa a kira shi ruwa a yankinmu yana Tiga, sai an ratsa Rano. Kawu yana da wata tsohuwar ƙaramar mota da ta girme ni. Jirgin ba zai shiga cikinta ba ko ta wane hali, sai dai a samanta. A nan ne na shigo cikin lamarin, ta hanyar saƙon da na ambata. Ga shi yadda ya zo, ban gyara ko harafi ba: "Ka nemo mini kariya ta mota, mai araha amma mai ƙarfi. Zan shiga ruwa kafin dawa."

Ina zaune a tsakar gidanmu a Rano saƙon ya shigo, na karanta shi a bayyane. Kakata, wadda kowa ke kira Hajiya, tana kan tabarma tana tsinke zogale. Ita ce ta haifi Kawu da mahaifiyata.

Dole in yi ɗan bayani a nan. Kalmar kariya a bakinmu abu biyu ce. Akwai kariya ta karewa, wadda ake nema daga sharri da haɗari, akwai kuma kariya ƙarfen da ake kafawa a saman mota ko bayan keke don ɗaukar kaya, wadda muka aro daga Turanci. Wasu sun ce mini a furuci akwai ɗan bambancin amo tsakaninsu, wasu sun ce babu. Ko da akwai, rubutunmu ba ya nuna shi. Ni kuwa na karanta ta da ma'anar farko, har na yi kusan awa biyu ina binciken yadda ake yi wa mota inshora mai sauƙi. Da na kira Kawu na fara yi masa bayanin takardun da ake buƙata, sai ya katse ni.

"Inshorar me kuma? Ƙarfen saman mota nake nufi, wanda ake ɗora kaya. Kai ɗan nan, shekara huɗu a jami'a!"

Ni an gyara mini kuskurena a minti ɗaya. Hajiya kuwa ta riga ta ji abin da ta ji: ɗanta na neman kariya, kuma zai shiga ruwa. Kawu ɗanta ne na fari, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, in ya zo gaishe ta ma gefe take kallo tana amsawa. Sai da ta gama tsinke zogalen tas, sannan ta kira ni da sunan wasan da take kirana.

"Kai, mai gidan. Mai motar nan ta Kibiya, wane ruwa ya ce zai shiga?"

"Tiga, Hajiya."

"Da furfurarsa?"

"Ai ba irin kariyar da kike tsammani ba ce. Ƙarfe ne na ɗora kaya."

"Na tambaye ka? Ni ina ruwana da shi. Motar nake tausayi."

Washegari da safe aka soya waina kwano guda aka kai ƙofar masallaci sadaka. Da mahaifiyata ta tambayi dalili, Hajiya ta ce don motar ne.

Neman kariyar ƙarfe ya fi ba ni wahala. Na fara da duba hotuna a waya, na ga yadda masu irin wannan jirgi ke ɗaukarsa a ƙasashensu: sanduna biyu a gicciye, da wasu hannuwa masu laushi da ke rungume cikin jirgin. Amma yawancinsu a jikin wasu dogayen ƙarafa ake ɗaure su, waɗanda ake ƙera sababbin motoci da su, motar Kawu kuwa samanta ƙwal yake. Wani mai kayan mota a Kano ya turo mini hoton wata sabuwa fil. Da na faɗa wa Kawu kuɗinta, sai ya ce, "Jirgin ma fa kyauta aka ba ni." Ba mu sake tayar da maganarta ba.

Sai na tafi tasha wajen direbobi. Da suka ji abin da nake so, ɗaya ya ce, "Wace kariya? Shimfiɗa buhu a sama, ka ɗora, ka ja igiya. Ni nan har saniya na ɗauka." Sauran suka ce ƙarya ne, ɗan maraƙi ne, kuma a but ɗin mota ya sa shi. Shawarar ta shiga raina saboda arha, har na gwada rufin motar Kawu da babban yatsa. Ya loɓa, ya dawo da ƙara kamar an buga tire. Na rubuta a littafina cewa wannan hanya ba za ta yiwu ba.

Wani dattijon direba da ya daina hawa hanya ne ya fitar da ni. Ya ce yana da tsohuwar kariya a bayan gidansa, iyalinsa na shanya barkono a kanta. Na je na gani. Ta yi tsatsa amma ƙarfenta na da kauri. Ƙafafu huɗu gare ta, kowace da ƙugiya da noti, waɗanda ke kama 'yar kwatar nan da ke gefen rufin tsofaffin motoci, inda ruwan sama ke bi. Motar Kawu tana da wannan kwata, kuma a karo na farko tsufanta ya yi mana rana. Dattijon ya sallama ta da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, bisa sharaɗin in taya su kwashe barkonon.

Aibinta biyu ne. Ta fi rufin motar faɗi, sannan tana da shinge ta fuska huɗu, kamar kowace kariya a garinmu, don kada buhu ya zame. Jirgi mai kamu takwas ba zai kwanta a cikin akwati mai kamu uku ba. Na zauna na yi zane mai kyau, na sa awo da santimita, na rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe cewa a rage faɗi, a cire shingen gaba da na baya. Kawu ya kawo motar Rano muka kai wa mai walda.

Mai waldan mutum ne mai kimanin shekara hamsin, wanda ya yi wa rabin motocin tasha kariya. Ya karɓi zanena da ladabi, ya ninke shi, ya sa a aljihu. Sannan ya ɗauko karan dawa biyu, ya gwada ɗaya a gaban rufin ya karya, ya gwada ɗaya a baya ya karya. Na so in yi magana, domin na lura rufin ya fi tsukewa ta baya kuma na auna shi wuri uku. Daga baya na gwada karan nan da tef ɗina na awo a ɓoye, kuma adalci ya sa in faɗa cewa ban samu bambancin da ya kai faɗin farce ba.

Bayan kwana uku na koma. An rage faɗin daidai, an kankare tsatsa, an shafa baƙin fenti. Shingen gaba da na baya kuwa suna nan. Ba ma suna nan kaɗai ba, ya ƙara musu tsawo da taƙi guda.

Na ce, "Malam, ai cirewa na rubuta."

"Na gani. Na ɗauka mantuwa ka yi, shi ya sa na rufa maka asiri. Ɗan boko, me ake kiran abin nan?"

"Kariya."

"To me take yi?"

"Ɗaukar kaya."

"A'a. Karewa take yi, shi ya sa aka ce mata kariya. In na cire gaba na cire baya, me za ta kare? Ta zama tsani ke nan. Gobe buhu ya faɗo a kan titi, sunan wa za a ambata? Naka ko nawa?"

"Ba buhu za a ɗora ba, jirgi ne."

"To ai jirgin ya fi buƙata, tunda santsi gare shi."

Na yi masa bayani a tsanake cewa kalmar ba daga karewa ta fito ba, aro ce daga Turanci, kuma a can ma'anarta abin ɗaukar kaya kawai. Ya saurare ni har na gama, yana goge hannu da tsumma. Sannan ya ce, "To su ma Turawan a wajenmu suka ji." Da na tambaye shi wannan magana bayan shekara guda, ya ce bai tuna ya faɗa ba, amma in ya faɗa, gaskiya ya faɗa.

Ban iya kayar da shi ba, sai muka ɗora kariyar yadda take muka tafi Kibiya. Ni da Kawu muka ɗaga jirgin muka aza a kan shingen. Ya zauna a sama can yana lilo, in an taɓa gaba baya ya tashi, in an taɓa baya gaba ya tashi. Inna ta fito da tsintsiya a hannu ta tsaya tana kallo.  Cewa kawai ta yi maƙwabcinsu na gabas ya fara yankan dawarsa tun jiya.

Ranar kasuwar Kibiya mai walda yakan zo sayen hatsi, sai Kawu ya tare shi ya roƙe shi ya shigo ya gani da idonsa. Ya shigo da zarton yankan ƙarfe a rataye a babur ɗinsa. Inna na ganin zarton fuskarta ta washe.

"Sannu da zuwa, Malam. Ashe an zo yanka komin? Ai da ka bari na kawo maka ruwa tukuna."

"Ba shi za a yanka ba," in ji Kawu.

Mai walda ya zagaya jirgin sau biyu, ya ƙwanƙwasa shi, ya leƙa ramin, ya tura shi da yatsa ya ga yadda yake lilo. Bai ce na yi gaskiya ba, kuma har yau bai faɗa ba. Zarton ya ɗauka ya yanke tsakiyar shingen gaba, ya bar gefe da gefe, ya lanƙwasa bakunan da guduma har suka yi daidai da cikin jirgin. Haka ya yi wa na baya. Da muka sake ɗorawa, jirgin ya zauna daram kamar ƙwarya a kan gammo.

"Ka lura," in ji shi, yana nuna ni da guduma, "ban cire ba. Ƙofa na yi masa."

Wajibi ne in rubuta cewa abin da ya yi ya fi abin da na zana. A zanena jirgin zai iya zamewa hagu ko dama. A nasa ba shi da inda zai je.

Sauran aikin ni da Kawu muka yi, kuma zan faɗe shi dalla-dalla ko zai amfani wani. Mun yanka tsohon tif na taya, muka sa a ƙarƙashin kowace ƙafa don kada ƙarfe ya ci fenti. Bakunan ƙofofin nan biyu muka naɗe su da soson tsohuwar katifa, muka ɗaure da zaren roba. Wajen ɗaure noti na yi kuskure: na ƙulle na dama biyu tamau kafin in taɓa na hagu, sai kariyar ta karkace, ƙofar motar ta baya ta ƙi rufuwa. Sai da muka kwance duka, muka riƙa juya kowane noti kaɗan-kaɗan, ana zagayawa, har suka kama tare. Igiya huɗu muka tanada, biyu a gicciye a kan jirgin, ɗaya daga hancinsa zuwa ƙarƙashin bambar gaba, ɗaya daga wutsiyarsa zuwa ta baya, da jan ƙyalle a ƙarshe don na bayanmu ya gani.

Ana gobe tafiya na leƙa Rano, Hajiya ta kira ni ɗakinta ta miƙo mini wani ƙaramin abu da aka ɗinke cikin fata, da igiya a jiki. Ta ce, "Ka ɗaura wa motar." Kawu mutum ne da ba ya rataya laya, har yakan yi wa mutane nasiha a kanta. Da na koma Kibiya na ba shi, ya riƙe ta a tafin hannunsa ya daɗe.

"Ta ce ta wa ce?"

"Ta mota."

"To, ai ba tawa ba ce ke nan." Ya miƙo mini. "Ɗaura a ƙafar kariyar. Ta ɓangaren direba."

Ban san abin da ke cikinta ba, ban buɗe ba, kuma ban tambaya ba.

A safiyar da muka tashi ne masu yanka suka shiga gonar Kawu. Inna ta sanar da mu cewa amalanke zai iso da la'asar. Kafin mu ja igiya, ta fito da tabarmi biyu ta ce sai an lulluɓe jirgin. Ita ta ce don kada rana ta ƙara koɗar da shi ne, Kawu ya ce kunyar idon gari take ji. Muka lulluɓe, muka ɗaure, muka kama hanyar Rano.

Kawu bai taɓa tuƙi da kaya a sama ba, don haka a hankali yake tafiya, har masu keke na neman wuce mu. Ba mu yi tunanin yadda abin yake ga mai kallo ba: mota na tafiya sannu, da dogon abu a naɗe cikin tabarma a samanta, da mutum biyu a ciki babu mai fara'a. A wani ƙauye da ke bakin hanya, dattawan da ke zaune a gindin bishiya suka miƙe tsaye gaba ɗaya suna salati. Kafin mu ankara, babura uku sun biyo mu. Ɗaya ya matso daidai tagar Kawu.

"Malam, sannunku da haƙuri. Wa aka rasa?"

"Jirgi ne!" in ji Kawu, idonsa na kan hanya.

"Allahu akbar! Jirgi ya rasu? Allah ya ji ƙansa. Ai kuwa dogo ne."

Sai da muka tsaya, na fito na ɗaga gefen tabarma suka gani. Biyu suka juya suna dariya. Na ukun ya ɗan ji haushi, ya ce ya bar shagonsa a buɗe. A nan muka cire tabarmin muka sa a but, Kawu ya ce gara a yi masa dariya da a yi masa ta'aziyya. Da muka ratsa Rano muka bi ta ƙofar gidanmu, Hajiya ba ta fito ba. Mahaifiyata ta ce a zaure take tun hantsi, wai tana neman wata kaza.

Mun isa bakin ruwa kafin azahar. Kariyar ba ta motsa ba ko kaɗan, na duba notin huɗu duka. Akwai masunta a wurin suna gyaran taru, suka taso suka kewaye mu. Babbansu, wani dattijo mai faffaɗan ƙirji, ya taya mu saukewa, ya ɗaga jirgin da hannu ɗaya ya jinjina.

"Wannan na mutum ɗaya ne ko na rabin mutum? Malam ya iya iyo?"

Kawu ya ce bai iya ba.

"Ka taɓa shiga kwale-kwale?"

"Yau zan fara."

Dattijon ya dube ni, ya dubi Kawu, bai yi dariya ba. Ya sa aka kawo jarkoki biyu marasa komai, ya toshe bakinsu, ya ɗaura wa Kawu su a ƙarƙashin hammata. Ya ɗaura doguwar igiya a wutsiyar jirgin ya naɗe ƙarshenta a hannunsa. Kawu ya tuɓe babbar rigarsa ya ninke, ya ba ni ita da hularsa. Shigar ƙafafunsa cikin ramin ta ɗauki lokaci, mutum uku na riƙe da jirgin, kowa na ba da shawara dabam. Da aka tura shi, ya sa filafili ta dama kaɗai, jirgin ya juya ya dawo yana kallonmu. Ya sake, ya sake dawowa. Masunta suna ihu, "Hagu, Malam! Ɗaya bakin ma na aiki!" A karo na uku ya gane. Ya miƙe sak, dama, hagu, dama, hagu, jarkokin na kaɗawa a gefensa, har igiya ta ƙare ta miƙe.

A can ya tsaya. Ya aza filafilin a gabansa, ya zauna, bayansa kaɗai muke gani. Na duba agogo lokacin da ya tsaya, amma na manta ban duba ba lokacin da ya ɗaga hannu a jawo shi, saboda haka ba zan iya faɗin mintocin ba. A ƙiyasina, ya kai a yi alwala a tsanake a sake wata. Da aka fito da shi, wandonsa ya jiƙe har gwiwa. Ya gode wa masunta ɗaya bayan ɗaya, ya karɓi hularsa, ya ce mini, "Mu tafi." Har muka isa Kibiya bai ƙara wata magana ba, in ban da tambayata ko igiyar baya tana nan.

Mun riga amalanke isa da kaɗan. Babu wata gardama da aka yi, domin ga laka a cikin jirgin, ga wandon Kawu. Inna ta dubi wandon, ta dubi ni, na gyaɗa kai. Sai ta rangaɗa guɗa, ta leƙa ta katanga tana gaya wa maƙwabta cewa Malam ya shiga Tiga shi kaɗai a jirginsa. A ranar na fara jin ta kira shi jirgi. Dawa ta shigo, aka jingine shi a bango aka jibge ta.

Bayan kwana biyu, ina nan ban koma Rano ba, Kawu ya gama karin kumallo ya ce, "Innar yara, ki aika a kira mai zarton. Tumaki su samu."

Inna ta ajiye ludayi. "A yanka me? Jirgin da na gaya wa duk unguwa? Wallahi babu mai taɓa shi. Kai ka ci, ka kuma ce a yanka?"

"Na ce na ba ki."

"Ni kuma na ce ba na so."

Haka suka yi ta yi har kwana uku, shi yana cewa a yanka, ita tana hanawa. A ƙarshe ita ta sa aka kafa turaku biyu a jikin bangon rumfa aka ɗora shi, kuma a nan yake har zuwa lokacin da nake wannan rubutu. Takan goge shi duk ranar Juma'a. Kawu bai sake kai shi ruwa ba, bai kuma sake cewa zai kai ba.

Sau biyu na tambaye shi dalili, a lokuta dabam-dabam. A karo na farko ya ce, "Ruwan nan da faɗi yake." A karo na biyu ya ce ƙafarsa ce ta yi tsami a cikin ramin. Inna ta ce tsoro ya ji. Mahaifiyata, wadda ta fi kowa saninsa, ta ce ba ta zaton haka. Ni da nake wurin bayansa kawai na gani, kuma ba zan rubuta abin da ban gani ba. Tambayar da ta rage mini ita ce: da Kawu ya zauna shiru a ƙarshen igiyar nan, tsoro ne ya kama shi, ko kuwa abin da yake nema ne ya samu har ya ishe shi?